Na Zo Jego, An Kai Ni Yawo

Hambur, Jamus, 18 ga Yuli

Zuwa ga maigidana, Malam Inusa, Madarumfa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da mutanen gida baki ɗaya. Yaya ƙafar taka, kumburin ya sauka? Yaya damina, an gama noman fari a gonar hanyar Gabi? Ka gaida mini ɗanmu Hamisu da matarsa Rashida da yaransu. Ni lafiyata lau, sai kewar gida.

Na san kunnenka ba ya ɗaukar magana a waya, ga shi bakina cike yake, shi ya sa na karɓi kaye da bik wajen ɗiyarmu Fiddausi na zauna rubutu. Zan ɗauki hoton takardar in turo maka. Ka sa tabarau ka karanta da kanka, kada ka ba kowa. In ka ga kuskure ka yi shiru, kai ka koya mini rubutun.

Yau kwanana bakwai da sauka. Surukinka Zakari ne ya tarbe ni a filin jirgi. Ƴan duwan ɗinsu, masu binciken kaya, sun buɗe jakata sun kwashe kilishi da man shanu, wai ba a shiga da su. Bandar kifina dai ta tsira, da gero da kanwa da busasshen ganyen dogon yaro da na tanada don wanka.

Na ga takwaranka. Ɗan Baba suke kiran shi, ni kuwa angona nake cewa. Kunnuwanka ya ɗauko sak. Amma Malam, yaron ƙarami ne, satinsa huɗu a duniya yana nan kamar ɗan kwana goma, ga kuka. Ita ma Fiddausi ta rame, idonta ya faɗa. Ashe aiki aka yi mata aka ciro shi, ba su faɗa mana ba, lafiya lau kawai suka ce.

To ga abin da ya dame ni. Ka san abin da ya kawo ni ƙasar nan, jegon autata na zo yi. Biza ta makara na rasa suna, na ce ba komai, ko sati biyu na samu cikin arba'in zan gasa ɗiyata ta yi ƙarfi. Washegarin zuwana na fiddo ganye na ce a nuna mini babbar tukunya. Sai ta ce ungozomar asibiti, wadda ke zuwa duba ta har gida, ta hana sa ruwa mai zafi a ɗinki. Na ce to ban da ciki, baya da ƙafafu. Ta ce a'a. Na dama kunun kanwa, ta kurɓa sau biyu ta ajiye. Yaron ma ba ta bari in yi masa wanka irin namu, wai kada in ja masa hannu.

Ina cikin wannan sai ga Zakari da wani ɗan littafi mai hotuna, irin wanda ake ba baƙin da suka zo ganin gari. Ya ce ya ɗauki konje, hutun sati uku, a wurin aikinsa don ni kaɗai. Ya rubuta ranaku da Hausa a takarda ya manna a ƙofar firigo, firijinsu: yau tafki, gobe gidan tarihi, jibi jirgin ruwa, gata kantuna. Kullum da hantsi mu fita, sai la'asar mu dawo, mai jego da jariri su kaɗai a gida.

Malam, ni da surukina, mu biyu, a kan titi. Shekara talatin da takwas ina gidanka, ka taɓa ganin Innata ta ci ko gyaɗa a gabanka? Ni ga ni a jirgin ƙasa kafaɗata na gugar tasa, ya sayo mini wani abu mai sanyi a cikin ƙoƙon biskit, yana narkewa yana bin hannuna, dole na lasa yana tsaye. Shi ma kunyar yake ji, sai ya juya yana karanta allon tasha kamar bai san hanya ba.

Tafkin nasu a tsakiyar gari yake, bai kai namu ba. Ba taru, ba gora, ba garka ko ɗaya a bakinsa. Jirage masu farin ƙyalle su je can su dawo ba su kamo komai ba. Mutane kuwa sai gudu suke suna zagaya shi, har da tsofaffin mata masu furfura cikin gajeren wando, ba mai korarsu. Wasu sun tuɓe sun kwanta a ciyawa suna shan rana. Na kalli ƙafata, Zakari ya kalli sama, haka muka wuce wurin. Ya tambaye ni ko ya yi mini kyau, na ce ya yi.

Rana ma ba ta da hankali a nan, sai wajen ƙarfe goma take faɗuwa. Da waya nake gane lokacin salla.

Ka ce wa Rashida ta rufe murhun bandata da kwano kada ruwa ya cinye shi. Ka huta lafiya.

Matarka,
Abu


Hambur, 27 ga Yuli

Maigida Malam,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Na ga saƙonka, na gode Allah da aka yi ruwa mai kyau, gero ya rufe kunya. Ka bar zuwa gona da ƙafa, Hamisu ya kai ka a moto, babur ɗin nan nasa. Ka ce in yi haƙuri, yaran girmama ni suke yi. Na ji. Bari in ba ka labarin girman.

An kai ni gidan tarihi. Zakari ya biya kuɗi muka shiga, muka hau bene muka sauka, sai ga mu gaban faifai da ƙwarya da tukunya a cikin gilashi, an haska musu fitila. Har da turmi, irin wanda ya tsage muka bar wa kaji a bayan ɗaki. Wata baturiya ta tsaya tana zana shi a takarda. Na miƙa hannu in ji ko iccen kirya ne, mai gadi ya taso. Daga Madarumfa na zo har nan, kwana biyu a hanya, don a hana ni taɓa turmi.

An kai ni jirgin ruwa a babban kogi. Akwatunan ƙarfe ne tsibi tsibi kamar duwatsu, da jirage da suka fi unguwarmu girma. Zakari yana ta nuna mini inda yake aiki. Iska ta taso mai sanyi, a watan da suke kira na zafi, jirgin ya dinga tangaɗi. Ni da na tashi a cikin kwalekwalen Baba, sai ga ni ina amai a leda a gaban surukina. Ya riƙe mini jaka yana ta sannu Inna, sannu Inna. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ranar kantuna kuwa ita ta fi ba ni haushi. Na ɗauki takardar saƙonnin mutane, agogon Hajiya Fatima, takalmin Hamisu, rigunan yara. Titi ne guda dogo, kanti na bin kanti, kowanne hawa biyar, matakala na tafiya da kanta. Na ga takalmin, na tambayi kuɗinsa, Zakari ya juya mini shi zuwa namu, na ji kamar an mare ni. Na ce ya gaya wa yarinyar na taya rabi. Ya ce ba a tayi a nan. Na ce ba a yi ne don ba a gwada ba, na nuna mata da yatsu. Ta yi dariya ta kira wata babba, ita ma ta yi dariya, Zakari gumi har wuya. Da na juya takalmin sai na ga ashe ɗan Sin ne, irinsa na rataye a kasuwar Ɗan Issa. Na ajiye musu abinsu. Ba tayi, ba gyara, ba mai tambayarka yaya gida. Ran Lahadi na ce a koma ko an sauko, wai duk garin a rufe yake, ko allura ba ka samu.

Shekaranjiya na ce ko ba wanka, bari in yi wa mai jego turare. Na kunna gawayi ɗaya tak a kasko na zuba. Malam, sai wani abu a rufin ɗaki ya fasa ihu kamar ana yanka shi. Yaro ya farka yana tsala kuka, maƙwabcinsu tsoho ya fito da wandon barci yana buga ƙofa, Zakari ya hau kujera yana danne abin. Fiddausi ta buɗe tagogi ta ɗauki ɗanta ta shiga ɗaki ta murɗa makulli.

Wannan makullin shi ke ci mini rai. Kullum sai ta kulle ɗaki da yaron, dare da rana. In a gabana ta sa shi a nono, ya kama ya saki ya yi ta kuka har ya shiɗe. Na gaya mata gaskiya. Na ce nono ba ya zuwa wa macen da ta ƙi wanka ta ƙi kunu, ta kwanta tana bin maganar baturiya. Na ce a zuri'armu ba a taɓa macen da ta kasa ƙosar da ɗanta ba, kada a fara a kanta. Ta sunkuyar da kai kawai. Abin mamaki, duk ranar da muka dawo daga yawon nan sai in tarar da shi yana barci lumui, cikinsa ya tasa. Har na fara tunanin ko ni ce ba ya so.

Arba'in saura kwana uku, ban zuba wa ɗiyata ruwa ko moɗa ɗaya ba. In na dawo mata suka tambaye ni yaya jego, in ce musu me? In ce na ga turmi? Don Allah ka rubuta mata, kai tana jin maganarka. Gobe wai gidan namun daji za a kai ni, in kalli raƙumin dawa.

Ka gaida duk mai tambayata.

Taka,
Abu


Hambur, 3 ga Agusta

Malam,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da yara da jikoki.

Na gano dalilin yawon.

Ran Litinin takardar firigo ta ce lambun furanni, inda ruwa ke tashi sama ana yi masa kiɗa. Mun sauka ƙarƙashin ƙasa muna jiran jirgi, sai na ji na ƙoshi. Na ce wa Zakari ba inda za ni, gida zan koma, ya bi ni ko ya tsaya. Ya ce mu zauna in huta, ya ce ya sayo mini shayi, na juya na kama matakala. Ina ganin shi yana danna waya yana sawa a kunne, ba a ɗauka ba. Ya biyo ni yana magana da sauri sauri, ni ko waiwaye ban yi ba.

Da ya buɗe ƙofa, ga Fiddausi zaune a ƙasa a tsakar falo, yaron a cinyarta, kwalbar madara a bakinsa. Yana sha idonsa a lumshe, hannunsa riƙe da yatsanta. A kan tebur ga gwangwanin madara, ga wasu kwalaben a tukunya suna tafasa, ga baturiyar ungozoma da ma'auninta. Ga kwalin da ake ɓoye su a ciki, an jawo shi daga ƙarƙashin gadonsu.

Da ta gan ni, ka san abin da ta yi? Ta fizge kwalbar daga bakin yaron ta tura ƙarƙashin zanenta. Kamar ɓarauniya, Malam. Ɗiyar da na haifa. Yaron ya fasa kuka, madara na zuba a ƙafarta, ita kuwa ni take kallo.

Ba zan ɓoye maka ba, na yi magana. Na ce ashe shi ya sa. Na ce sati uku ana jana a titi kamar akuyar da aka rasa mai saye, ana nuna mini ruwa da ƙarfe, don a samu a ɗura wa jikana gari a ɓoye. Na ce da sun gaya mini ƴar kallo suke nema da na zauna gida wajen kifina. Na ce a sa ni a jirgi. Baturiyar ba ta jin Hausa amma ta tattara kayanta ta fita.

Fiddausi ta bar ni na gama. Sannan ta ce, a hankali, ba ta ko ɗaga murya ba: “Inna, ina nan ranar da kika yi wa Rashida.”

Ka tuna, shekara huɗu ke nan, lokacin haihuwar Nusaiba. Nonon Rashida bai zo ba, Hamisu ya je Maradi ya sayo gwangwani da kwalba. Ranar suna na shiga na tarar tana ba ta, na karɓe na jefa bayan katanga a gaban mata, na ce gidanmu ba a kiwon ɗa kamar ɗan akuyar da uwarsa ta mutu. Matan suka yi dariya. Ni na manta ma na faɗa. Ita Fiddausi tana bakin ƙofa riƙe da tire, ba ta manta ba. Ta ce tun ranar da aka ce bizata ta fito take kuka.

To ni me na yi da ba a yi? Haka aka yi mana, haka muka yi. Kuma ai kunun da na dinga dama wa Rashida ne ya kawo nonon daga baya, wannan ba wanda ya tuna. Ba mugunta ta sa ni ba, kai ka sani. Amma a haɗa baki da miji da baturiya a mayar da ni yarinya, a rubuta mini ranaku a takarda, wannan fa? Ko da faɗa ne, ai da ta gaya mini a fuskata.

Yau kwana biyu ba mu yi magana ba sai gaisuwa. Gidan ɗaki biyu ne, ba inda mutum zai kauce. Ina falo ina kallon bango, ina jin ƙarar cokali a kwalba ta bayan ƙofa. Na cire takardar daga firigo na ninke na ajiye masa a kan takalminsa. Na ce ya canza mini ranar tafiya, ya ce zai bincika.

Kada ka rubuta mata yanzu. Ni za ka rubuta wa. Ka gaya mini gaskiya, haka nake?

Abu


Hambur, 9 ga Agusta

Zuwa ga maigidana Malam Inusa,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ka. Ina gaida kai da gajiyar damina. Na ji gulbi ya kawo ruwa har tafki ya taɓa garkar su Hajiya Fatima, Allah ya tsayar nan. Yaya ƙafa?

Na tambaye ka magana, ka amsa mini da kalma uku: ki tuna Ilyasu. Na ji haushinka ƙwarai. Shekara talatin da biyar ba ka ambaci sunan nan a gabana ba sai yanzu da nake nesa, ba ni da wanda zan yi wa kuka. Kwana biyu na kifa wayar ban taɓa ta ba.

Ranar tafiya ba ta canzu ba, wai jiragen a cike suke. Ran Lahadi bayan asuba Zakari ya tsaya daga nesa ya yi sallama, ya ce akwai wuri ɗaya da ya rage, in na ƙi ba komai, kasuwar kifi ce, kuma da sassafe kaɗai take ci. Ba don shi na tashi ba, bangon ne ya ishe ni.

A hanya muka yi ta gamuwa da waɗanda suka kwana rawa a unguwar da ke kusa da kogi. Samari da ƴan mata, wasu takalmi a hannu, kwalli ya zubo musu, suna tangaɗi suna waƙa, su ma kasuwar za su wai su karya kumallo. Wata yarinya ta zauna a bakin titi tana kuka, ƙawarta na shafa mata baya. Na ce ko ita ma tana da uwa a wani gari.

Malam, kasuwa ce ta gaske. Tun daga nesa na ji ƙarni, raina ya ɗan dawo. Masu kifi a cikin motoci buɗaɗɗu suna ihu har muryarsu ta dushe, kowa na kushe na maƙwabcinsa. Wani ƙato mai jan wuya ya shimfiɗa takarda a hannu, ya ɗora kifi, ya ƙara, ya ƙara, yana buga cinya, sai wani ya miƙa kuɗi. Gyara, Malam, a ƙasar Jamus. Na matsa gaba na ɗaga kumatun wani kifi na duba, na mayar na ɗauki wani. Ya kalle ni ya san ya gamu da ƴar sana'a. Na nuna masa yatsu, ya dafe kai kamar na kashe shi, na juya zan tafi, ya kira ni ya ƙara mini biyu. Bandarsu ma na ɗanɗana, wani kifi dogo kamar maciji. Ta yi mai da yawa kuma ba za ta kwana bakwai ba, amma hayaƙin ya shiga.

Muka zauna a bakin kogi da ledarmu. Zakari ya bar wuri tsakaninmu, ya kalli ruwa, ya yi magana. Ya ce satin farko yaron ya dinga ramewa har aka mayar da su asibiti kwana uku, likita ya ce in ba a ƙara masa da madara ba akwai haɗari. Ya ce Fiddausi ta yi duk abin da aka ce, har nonon ya yi jini, bai ƙaru ba. Ya ce dabarar yawon tasa ce, ba tata ba, in zan yi fushi in yi da shi. Sannan ya ce shekararsa tara a garin nan, daga aiki sai gida, duk wuraren da ya kai ni shi ma bai taɓa shiga ba, don ba shi da wanda zai kai. Mahaifiyarsa ta rasu bai kawo ta ba. Na dai buɗe burodin da ya saya na ci a gabansa.

Da muka dawo na yi farfesun kifin da yajin gida. Ƙofarta a kulle. Na zauna a ƙasa na jingina da ita, na ba ta labarin da ban taɓa ba ɗa ko ɗaya ba. Sun san suna da wa da ya rasu yana jariri, ba su san yadda aka yi ba. Na gaya mata zazzaɓin da na yi har nonona ya ƙafe yana da wata uku. Na gaya mata kwalbar da ka samo, da nonon akuya da muka dinga zubawa, da ruwan tafki da muke wanke ta da shi don ba mu sani ba. Na gaya mata zawon da ya kama shi, kwana tara, da yadda ya yi sauƙi a hannuna kamar ƙyalle. Na gaya mata abin da mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, ta ce mini a gaban masu gaisuwa. Na ce tun daga ranar in na ga kwalba a bakin yaro, Ilyasu nake gani. Maganar da na yi mata cewa a zuri'armu ba a taɓa yi ba, na ce ƙarya na yi, a kaina aka fara.

Ta daɗe ba ta buɗe ba. Da ta buɗe ba ta faɗa jikina ba, kada ka zaci haka. Ta tsallake ƙafata ta je ta zuba farfesun ta ci, ta ƙara. Da la'asar ta fito da kwalin nan ta ajiye a kan tebur, ta ce in wanke hannu. Ta miƙo mini yaron da kwalbar. Sau uku tana gyara mini riƙo, wai na kwantar da shi da yawa, wai iska na shiga. Ni da na goya bakwai. Na haɗiye na gyara riƙon. Yaron ya shanye, ya yi gyatsa a kafaɗata.

Ba wai komai ya gyaru ba ne. Har yanzu in na buɗe baki zan ba da shawara sai in ga kafaɗarta ta ɗaga. Wankan dai ya wuce, ganyen na nan a jaka, ban san ko in dawo da shi ko in zubar ba. Awo da cokali da tafasa kwalabe kullum suna gajiyar da ni, jiya ma mun yi ƴar sa'insa a kan man da ake shafa masa. Amma ƙofar a buɗe take kwana, kuma ungozomar ta ce ya ƙaru.

Ran ashirin ga wata zan taso. Zan kwana Yamai, in shiga kar, babbar motar safe, Hamisu ya jira ni a tashar Maradi. Ka ce wa masu saƙo su yi haƙuri, abin da suke so yana Ɗan Issa.

Saura magana ɗaya. Jiya ni da kaina na ce Zakari ya kai ni titin kantunan nan. Mun shiga kanti uku ina neman abin da zan kai wa Rashida, duk abin da na ɗauka sai in ga bai kai ba, na fito hannu wofi. Kada ka gaya mata komai, kada ka ce wa Hamisu ya share mini hanya. In na sauka, kafin in shiga ɗakina nata zan fara shiga. Ban san abin da zan ce mata ba tukuna. Ina da kwana goma sha ɗaya in nemo.

Allah ya sada mu da alheri. Angona na gaida takwaransa.

Matarka,
Zainabu Abu